Ɗan Unguwar Hausawa A Jami'o'in Gabas

Duk wanda ya shiga Gariki ta Inugu da sassafe, zai tarar da motocin shanu da albasa suna sauke kaya, zai kuma ji samari suna ciniki da harshen Ibo kamar a bakinsu aka yanka shi. Galibinsu a nan aka haife su. Haka abin yake a Anaca kusa da gadar Kwara, da kasuwannin Fatakwal. Zama ne daɗaɗɗe, domin tun cikin shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Rikicin 1966 da yaƙin basasa suka watsa unguwannin, bayan 1970 aka dawo aka sake kafa rumfuna.

Kaɗan daga 'ya'yan waɗannan fatake kan kai jami'a. Ta Nsukka, wadda ke arewacin Inugu, an buɗe ta ne a 1960 bisa tsarin Amurka, inda Dokta Azikiwe ya yi karatu a Howard da Lincoln, makarantun baƙar fata. Ita ta fara tilasta wa kowane ɗalibi darussan ilmin gama-gari, watau tarihi da falsafa da zaman jama'a, ko da injiniya ya zo karantawa.

A irin wannan aji ne yaron Gariki kan gane matsayinsa. Da zarar an taɓo yaƙin basasa ko almajirci, sai idanu su juyo kansa, a ce "Aboki" ya yi bayani, alhali kuwa wataƙila sau biyu ya taɓa taka Kano. In ya yi shiru a ce yana ɓoye wani abu, in ya yi magana a ɗauka bakin Arewa duka ya ara. Ga jarrabawar da kan faɗo daidai lokacin Juma'a.

Mafi ciwo kuwa ita ce takardar shaidar asali. Garin da aka binne cibiyarsa ba kasafai yake ba shi ita ba. Dole ya hau mota zuwa ƙaramar hukumar kakansa a Katsina ko Sakkwato, inda za a saurari Hausarsa a yi murmushi, a tambaye shi gidan wa ya fito. In mai unguwa bai san mahaifinsa ba, sai ya koma ya nemo dattijon da zai tsaya masa.