Shaidar Harshe

Hausawa sun ce baki shi kan yanka wuya, suna nufin maganar da ke fita daga cikinsa. Ni kuwa yau kan abin da ke shiga cikinsa nake so in yi magana, gama na ga inda shi ma ya yanka wuya, a garinmu Bagega, cikin ƙasar Anka.

Ni akawu ne ɗan akawu. Ubana ya riƙe littafin haraji da na jangali a zamanin En'e, ni kuwa na gaji alƙalaminsa a ofishin hakimi. Karatuna bai wuce na allo da na firamare ba, sai ɗan Turancin da na tsinta a bakin aiki. To, a garin da babu doki jaki ma abin hawa ne. Saboda haka a 2013, sa'ad da aka zo kwashe ƙasar gidajenmu da gubar dalma ta ɓata, likitocin ƙungiyar MSF kuma suka buɗe wurin ba yara magani, sai aka riƙa nemana in rubuta sunayen gidaje, wani lokaci kuma in yi tafinta.

Cikin baƙin nan akwai wani Bature mutumin Italiya, mai lura da kaya da motoci. Ran nan da la'asar muka biyo ta ƙofar gidana, rana ta dafa mu, sai na ce ya shigo zaure ya huta. Na aika cikin gida aka damo fura, aka kawo a ƙwarya da ludayi. Maimakon ya kafa kai ya sha, sai na ga ya ɗaga ludayin ya duba, ya kai hanci ya sansana, ya kurɓi kaɗan ya riƙa juya ta cikin baki, ya lumshe ido kamar mai tuna bashi. Can ya haɗiye, ya ce, "Malam, akwai citta da kanumfari, akwai kuma ɗan barkono. Wa ya yi ta? Geron wace gona ne? A wane turmi aka daka? Ruwan wace rijiya ne?"

Kai, raina ya ɓaci! A wurinmu baƙo ya sha ne ya ce an gode, Allah ya amfana. Wane ne zai zauna a zauren mutum yana bincikar turmin matarsa? Na ce masa, "Bature, in ba ta yi maka ba, ajiye ta." Ko da ya ga fuskata ta sake, sai ya ba ni haƙuri, ya ce a garinsu wannan ita ce babbar girmamawa da akan yi wa abin sha. Ya ce ubansa manomin inabi ne, kuma mai yin giya da ruwansa, shi ya koya masa haka tun yana yaro.

Da na ji an ambaci giya sai na ja baya da tabarmata. Ni Musulmi ne, ban taɓa kai ta bakina ba, ba ni kuwa da nufin yi har in koma ga Allah, balle a jiharmu da shari'a ta hana sayar da ita tun 2000. Amma kunne ba ya maye don ya ji labari. Na ce ya ci gaba.

Ya ce akwai wani birni a arewacin ƙasarsu, Berona, inda tun 1967 ake cin wata kasuwar baje koli da ake kira Vinitaly. Takan ci kwana huɗu, galibi cikin watan Afrilu. Masu yin giya wajen dubu huɗu kan kawo kayansu, an ware wa yankunan ƙasar rumfuna manya manya, ga ta Toskana, ga ta Piyamonti, ga ta Sisiliya. Fatake kan zo daga Jamus da Amurka da Ingila har da Japan. Kowane mai kaya yana tsaye bayan teburinsa da kansa ko ɗansa. Falke ya zo, a zuba masa ɗan kaɗan a ƙoƙon gilashi, ya duba launi, ya sansana, ya kurɓa, sa'an nan ya tofar a wani kasko da aka ajiye don haka, domin in ya ce zai haɗiye duk abin da aka ba shi, kafin azahar sai an ɗauke shi ranga-ranga. Daga nan sai tambaya: wane tudu, wace irin ƙasa, wace shekara aka tsinke inabin. Ya ce akwai wadda ake kira Amarone, da akan shanya inabinta wata uku ko fiye kafin a matse, kamar yadda muke yi wa kauɗa. Akwai Barolo, wadda doka ta hana a sayar sai ta haura shekara uku a ajiye.

Na ce, "To, ban da abin mai giya, tun da harshe ya riga ya gaya wa mutum tana da daɗi, ina amfanin wannan dogon bincike?"

Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce harshe ya sha yaudarar mutanen ƙasarsu. Rumawan da, kakanninsu, sukan dafa ruwan inabi har ya yi kauri kamar maɗi, su riƙa zaƙaƙa abinci da giya da shi. Masanansu har sun rubuta cewa a dafa shi a tukunyar dalma, kada a sa a ta tagulla, don tagulla kan ɓata ɗanɗano. Dalma kuwa ba ta ɓata shi. Tana narkewa a ciki sannu sannu, mai sha yana santi. Ya ce kuma a 1986 wasu marasa tsoron Allah a arewacin Italiya suka zuba wa giya mai araha wani sinadari mai guba don ta ƙara ƙarfi. Kusan mutum ashirin suka mutu, wasu suka makance, cinikin ƙasar a waje ya faɗi warwas, har masu gaskiya suka sha hukuncin laifin da ba nasu ba. Ya ce tun daga nan ubansa bai yarda ya aika wakili Berona ba. Shi ke zuwa da ƙafarsa, mai saye ya ga fuskarsa, ya ga sunansa da na gonarsa a jikin kwalba, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in wani abu ya faru.

Tun daga inda ya ambaci tukunyar dalma ban ƙara jin sauran da kyau ba, domin hankalina ya koma 2010.

A shekarar nan zinariya ta yi tsada, samarinmu suka bar fartanya suka shiga ramuka. Ƙanena ya riƙa kawo duwatsu cikin buhu, ni na ba shi izini ya ajiye su a tsakar gidana, don ya ce a daji ɓarayi za su kwashe. Mata suka riƙa farfasa su suna dakawa, ana ba su lada. Turmin da aka daka dutse da hantsi, a ɗauraye shi a daka gero da yamma. Ƙura ta bi tabarmi, ta bi ƙore, ta bi hannun yara masu rarrafe. Ina da ɗa namiji ɗan shekara biyu. Da ya fara amai da kasala, uwarsa ta dama masa kunu, ta ce, "Malam, ɗanɗana ka ji, ko wani abu ne a ciki." Na karɓa na kurɓa, na juya shi a baki kamar yadda Baturen nan ya yi, na ce, "Lafiya lau, ba shi." Bayan kwana tara jijjiga ta kama shi, muka ce iska ce, aka yi rubutu aka yi turare. Ranar Alhamis muka kai shi makwanci.

Daga baya masu awo suka zo da na'ura, suka ɗora ta a ƙasa, suka ce duwatsun nan cike suke da dalma. Yara wajen ɗari huɗu aka rasa a ƙasashen Anka da Bukkuyum, a Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da sauransu. Ajali ba ya wuce ranarsa, na sani, na kuwa sallama wa Mai shi. Amma Wanda ya rubuta ajali shi ya ba mu hankalin tambaya. Tambayoyi huɗun nan da na ji haushinsu a zaurena, da na yi wa kaina ko da ta uku kaɗai shekara uku kafin nan, wa ya san abin da Allah zai yi?

Ban gaya wa Baturen wannan ba. Na dai tashi na shiga cikin gida, na dawo na ce masa geron na gonata ne ta bakin fadama, turmin sabo ne, tsohon an kwashe shi tare da ƙasar gidan, ruwan kuma na rijiyar burtsatse ne. Ya ce madalla, ya shanye ƙwaryar kakaf.

Sana'ar ubansa ba abin koyi ba ce gare mu, amma ko a kasuwar da ba ka ciniki kana iya ganin mudu mai kyau. Yanzu in na shiga kasuwa sayen zuma ko man shanu ko daddawa, nakan lasa, sa'an nan in tambaya. Wata tsohuwa mai nono ta taɓa ce mini, "Malam, aure za ka nema ne ko nono za ka saya?" Na ce, "Inna, yara zan kai wa." Sai ta daina dariya, ta gaya mini rugarsu da rafin da suke wanke ƙore. A wurinta nake saye har yau.

Allah ya jiƙan yaranmu, ya raya waɗanda suka saura, amin.