Tumatir Ba Ya Jiran Kwana Uku

A kasuwar rake ta Makarfi, ko wajen masu tumatir a Ikara da Kudan, sau da yawa akan cire kuɗi daga asusun mai saye, alhali mai POS bai ga ko sisi ba.

Dalili shi ne kowane banki yana da kundin lissafinsa a na'urori masu nisa da juna. Ƙa'idar da nake koya wa ɗalibaina ita ce: ciniki ya shiga kundayen duka, ko kada ya shiga ko ɗaya. A 2000 masanin kwamfuta Eric Brewer ya bayyana cewa idan sadarwa ta yanke, dole a zaɓa: a dakatar da ciniki, ko a ci gaba kundaye su saɓa wa juna.

Ni dai dakatarwar na zaɓa. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade sa'o'i 72 na mayar da irin wannan kuɗi, amma tumatir ba ya jiran kwana uku. Gara na'ura ta ƙi tun farko, da ta karɓa ta bar manomi da mai saye suna rantse-rantse.