Rabin Yini a Cikin Kaburburan Liverpool

Daga tashar jirgin ƙasa ta Lime Street na taka da ƙafa zuwa maƙabartar St James, wadda ke cikin wani tsohon ramin fasa dutse a gindin babbar majami'ar Liverpool. An buɗe ta a 1829, aka rufe a 1936 bayan an binne mutum fiye da dubu 57. Yanzu lambu ce, an jingina duwatsun kaburburan a jere a gefen hanya.

Waɗanda suka tsayar da ni su ne na gidajen marayu. Dutse ɗaya, sunaye bi da bi, kowanne da shekarunsa a gefe, galibi ba su kai na balaga ba. Sai da na nemi wuri na zauna.

Rahoton Edwin Chadwick na 1842 ya nuna cewa a wannan gari, idan aka yi tsaka-tsakin shekarun mamata, masu hali na mutuwa a 35, 'yan kasuwa a 22, leburori a 15. Mutane kan ɗauka cewa lebura ba ya wuce samartaka ke nan. A'a. Jarirai ne suka ja lissafin ƙasa, domin fiye da rabin mamatan gidajen leburori ba su cika shekara biyar ba. Wanda ya tsallake gudawa da ƙyanda da tarin shiƙa yana iya kaiwa ga furfura, in tarin fuka bai tare shi a hanya ba. Duk wanda ya taɓa zaman gaisuwar yaron goye a garuruwanmu ya san waɗannan cututtuka da sunansu.

Da la'asar na gangara bakin ruwa zuwa gidan tarihin birnin, inda aka sake gina irin lungun da talakawa suka zauna a wajajen 1870. Gidaje baya da baya, tsakar gida matsattsiya mai duhu, masai na kowa da kowa. Wasu dubbai ma a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke kwana, cikin laima.

A 1847, shekarar da yunwa ta koro mutanen Ayalan suka cika garin, aka naɗa Dokta William Henry Duncan jami'in lafiya, na farko a ƙasar. Shi da injiniya James Newlands suka sa aka rufe ɗakunan ƙasa da yawa, aka haƙa magudanan ƙazanta. Duk da haka mutuwar jarirai a Ingila ba ta fara sauka sosai ba sai bayan 1900.