Neman tallafin bincike kan dabbobi: yadda ake tsara takardar

Takardar neman tallafin bincike alkawari ce a rubuce. Mai bincike yana bayyana matsalar da ya gano, da hanyar da zai bi ya warware ta, da kuɗin da aikin zai ci, da lokacin da zai kawo sakamako. Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Cibiyar binciken cutar sammore, NITR, da ke Unguwar Rimi ta samo asali ne tun 1947 a matsayin cibiyar Afirka ta Yamma, kafin daga baya ta zama ta Najeriya. A titin Mando akwai kwalejin noma da kimiyyar dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma cibiyar binciken kiwon dabbobi, NAPRI, a Shika kusa da Zariya, inda aka samar da kajin Shika Brown. Masana dai akwai su. Abin da ke yawan kayar da takardunsu shi ne tambayar da aka gina su a kai.

Take irin "inganta kiwo a Arewacin Najeriya" ya yi faɗi, ba wanda zai iya auna nasararsa. Tambaya mai ƙarfi daga ruga take fitowa. Makiyayi a Ladduga zai nuna saniyar bunaji da ta rame, gashinta ya tashi, idonta na zubar da hawaye, ya ce an yi mata allurar Berenil amma ba ta ci ba. A cikin wannan magana akwai bincike guda cikakke: shin ƙwayar sammore ce ta daina jin maganin, ko jabu ake sayarwa a kasuwa, ko kuwa awon da ake yi wa dabbar ne bai kai nauyinta ba, ko ƙudan tsando ne ke sake harbinta bayan ta warke? Kowace amsa da matakin da za ta jawo. Masu tantancewa na son ganin wannan tun a shafin farko, tare da bayanin inda binciken baya ya tsaya. Jero sunayen marubuta barkatai ba ya cike wannan gurbi.

Sashen hanyar bincike shi ne inda gwani ke bambanta da ɗan koyo. Dole a faɗi dabba nawa za a yi aiki da su da dalilin zaɓar wannan adadi, da rukunin da za a bari don kwatantawa, da irin gwajin jinin da za a yi, da ɗakin gwajin da zai yi shi. Lokaci ma hujja ne. Saniya na ɗaukar ciki kusan wata 9, don haka wanda ya yi alkawarin auna haihuwa da nono cikin wata 6 ya tona kansa. Gwajin ciyarwa da harawa ko dusa ko ƙaiƙayi a bazara yake da ma'ana, lokacin da ciyawa ta ƙare. Kuma garke ba ya zama wuri ɗaya. Takardar da ba ta yi tanadin tafiyar makiyaya da rani ba, za ta wayi gari rabin dabbobinta sun yi kudu. Amincewar arɗo da masu shanu, da izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobi, a nemo su kafin a miƙa takarda.

Kasafin kuɗi ya zama madubin aikin. Duk abin da aka ambata a hanyar bincike ya fito da farashinsa: sinadarai, sirinji, ƙanƙarar ajiye jini, man mota, alawus ɗin masu kama dabba, har da man janareta. Hauhawar farashi a Najeriya ta sa ya dace a nuna ranar da aka ɗauki kowane farashi. Kumbura lissafi kuwa yana zubar da mutuncin takardar gaba ɗaya.

Kowane mai bayar da tallafi da ƙa'idarsa. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, na manyan makarantun gwamnati ne, kuma a shirinsa na bincike na ƙasa ana fara tura taƙaitaccen bayani, sai wanda ya tsallake a nemi cikakkiyar takardarsa. Kasancewar asusun na manyan makarantu ne ya sa haɗin gwiwa tsakanin malamin jami'a, kamar ta Jihar Kaduna ko ta Ahmadu Bello, da masanin cibiyar bincike yake ƙara wa takarda nauyi, musamman in akwai likitan dabbobi da masanin ƙididdiga a tawagar. Masu tallafi na ƙasashen waje sukan ƙara tambayar yadda aikin zai shafi mata, kuma tambaya ce da ke kan hanya, domin nono da fura a hannunsu suke.

Sashe na ƙarshe shi ne yadda sakamakon zai koma ga masu dabbobi. Buga shi a mujallar masana wajibi ne, amma takardar ta ware kuɗi da lokaci don zama da makiyaya a ruga, da shirin rediyo da Hausa da Fulatanci, da taƙaitaccen rahoto ga ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya da aka kafa a 2024.