Quartzsite: Garin Masu Gida A Kan Taya

Duk wanda ya kalli fim ɗin Nomadland na 2020 ya ga Quartzsite, wani ɗan gari a hamadar Arizona ta Amurka. Kowane Janairu dubban motoci masu ɗaki da kicin kan cika shi maƙil, ana ta ciniki. Sabon shiga labule da kujeru yake dubawa. Tsohon hannu kuwa sai ya hau babban titi da motar, ya kasa kunne. Babbar mai shan fetur injinta na gefen ƙafar direba, in ana hawa tudu sai maigida ya ɗaga murya kafin uwargida ta ji shi. Ga kwanuka na ta kacau-kacau a kabad! Mai dizal injinta na can baya, tafiya lumui. Amma fa kuɗinta, wane mutum!