Wasan Tseren Mota Da Littafin Bashi

Masu gyaran kwamfuta na ƙasashen nan magani ɗaya gare su, kamar mai tallar sassaƙe a tasha: ciwon kai shi ne, ciwon baya shi ne, basir ma shi ne. Sunan nasu maganin fomatin. Ko me ya sami na'urarka, sai a ce a goge komai a sake zuba Windows. Wani lokacin yana yin aiki, ban musa ba. Amma ɗan kasuwar da ke zaune a ƙasar da ba tasa ba, kwamfutarsa ta wuce abin wasa. Tawa dai a cikinta lissafin bashin da nake bin abokan ciniki a kasuwar Kejetia yake, na shekara huɗu cur, ga hotunan rasit na takalman da nake ɗaukowa daga Lome, ga hoton fasfo da takardun zama na iyalina kaf. A kanta ne kuma babban ɗana yake wasan tseren mota.

Wasan tsohon yayi ne, Need for Speed: Most Wanted, wanda kamfanin EA ya fitar a 2005. Duk wanda ya yi zamanin gidajen intanet a Kano ko nan Kumasi zai tuna shi. Direbobi 15 ne a jere, sai ka kayar da su ɗaya bayan ɗaya kafin ka kai ga Razor, wanda ya ƙwace maka BMW tun a farkon labari, ga kuma 'yan sandan birnin Rockport a bayanka da jiniya. Wasan ya girmi yaron nesa ba kusa ba. A cikin tsohuwar kwamfutata na same shi, mai shagon da ya sayar min ne ya zuba.

Mun yi yarjejeniya da shi: Asabar da Lahadi, bayan ya dawo daga Islamiyya, ya yi wasansa a falo, a gaban mahaifiyarsa. Dalilina shi ne shagunan wasa na unguwarmu a Aboabo, da yawansu bango ɗaya ne tsakaninsu da shagunan cacar ƙwallo, ni kuwa in na yi tafiyar sayen kaya nakan yi mako biyu ba na gida. Yaro ɗan shekara 12 da ya saba zama a bakin wannan ƙofa, Allah kaɗai ya san ranar da zai leƙa ta kusa da ita. Wata takwas yana fama, har ya kai ga direba na uku.

Sai tsohuwar kwamfutar ta mutu murus. Aka ciro rumbun ajiyarta aka saka min a ɗan akwati mai wayar USB, na je Adum na sayi wata ta hannu mai Windows 10, na kwashe kayana na zuba a ciki har da foldar wasan. Lissafi ya buɗe lafiya lau. Wasa kuwa, ana danna shi sai wani ɗan saƙo ya fito cewa ba a ga d3dx9_26.dll ba. Na kai wa mai gyara, ko minti biyu bai yi da ita ba ya ce Windows ɗin ce ta lalace, sai fomatin. Ya ƙara da cewa tsohon rumbun ma in bari ya goge shi, in riƙa amfani da shi kamar babbar filashi, tunda ai na kwashe komai. Na ce masa zan yi shawara.

A daren nan uwargida ta ce, "Alhaji, yaron nan fa jiya sai bayan magariba ya shigo, kuma na san inda ya tsaya." Ban ce komai ba, na ɗauki waya na kira ƙanena da ke Zariya, wanda aikinsa ke nan.

"Yaya, don Allah kada ka bari kowa ya goge maka komai," in ji shi. "Ko an yi fomatin sau goma, wannan saƙon zai sake fitowa."

Ga yadda ya bayyana min. Akwai wani abu da ake kira DirectX, shi ne tafinta tsakanin wasa da kayan cikin kwamfuta masu zana hoto da fitar da sauti. Windows 10 da DirectX 12 take zuwa. Wasannin wancan zamanin kuwa da DirectX 9 aka gina su, kuma suna neman wasu ƙananan fayiloli masu lamba daga 24 zuwa 43 waɗanda sabuwar Windows ba ta zuwa da su. Kamar ka shiga shagon kayan gyaran motocin zamani ne kana neman kabireta ta Fijo 504. Shagon lafiyarsa ƙalau, kayan ne ba a ajiyewa yanzu. Sabuwar Windows da mai gyara zai zuba ita ma haka za ta zo ba su, ni kuma da na biya kuɗi na jefa lissafina cikin haɗari a banza.

Kafin mu taɓa komai sai da ya sa na kwafe foldar lissafi da takardu a filashi, na cire ta na sa a aljihu. Ya kuma kafa min doka: abu ɗaya za a canza a lokaci guda, a gwada, sannan a matsa gaba. In ka canza biyar a tare wasa ya tashi, ba ka san wanne ne ya yi aiki ba. In ya ƙara lalacewa ma ba ka san wanda za ka mayar ba.

Nan ne wurin da nake so 'yan uwa su saurara da kyau. In ka rubuta sunan wannan fayil a intanet, shafuka za su fito rututu, kowanne na cewa danna nan ka sauke. Yaranmu nan suke faɗawa. Wasu shafukan bairos suke haɗo maka da shi, kuma wannan kwamfutar ce nake jona wayata a jiki, wayar da Momo ɗina da lambobin abokan ciniki suke ciki. Ko an yi sa'a fayil ɗin mai tsabta ne, akan ɗauko na 64-bit a ba wasan da ke neman na 32-bit, sai wani sabon kuskure mai lamba 0xc000007b ya ɓullo, a koma gidan jiya. Hanyar da ta dace ita ce shafin Microsoft kansa, a nemi DirectX End-User Runtimes na watan Yunin 2010. Kyauta ne, bai kai megabait 100 ba. A warware shi a wata folda, a danna DXSETUP. Ba ya taɓa DirectX 12, tsofaffin fayilolin kawai yake ƙarawa a gefe.

Muka yi haka, saƙon ya ɓace. Yaro ya fara murmushi. Muka danna wasa, allo ya yi baƙi na daƙiƙa uku, sai ga mu mun dawo inda muka taso, ba saƙo ba bayani. Wallahi wannan ta fi ta farko cin rai, don waccan ko ba komai ta faɗi abin da take nema.

Ƙanena ya ce kwamfuta ba ta mantuwa, tana da littafin da take rubuta duk abin da ya faɗi. A wurin bincike na Windows ya sa na rubuta reliability, sai ga jadawali na kwanaki, kowace faɗuwa da jan tambari, ga sunan speed.exe, wato fayil ɗin da ke tayar da wasan. Na ɗauki hoto na tura masa ta WhatsApp. Ya duba ya ce in buɗe Device Manager in karanta masa abin da ke ƙarƙashin Display adapters. Na karanta: Microsoft Basic Display Adapter. Sai ya yi dariya.

"Yaya, motarka ba direba. Karen mota ne a kan sitiyari."

Ashe kowane ɓangare na kwamfuta yana da 'yar manhajar da ke tuƙa shi, direba ake ce mata. Wanda ya sayar min ya zuba Windows ne a gurguje bai sa direban hoto ba, sai Windows ta ɗora na wucin gadi. Shi wannan zai nuna maka rubutu da lissafi, kamar yadda karen mota zai iya matsar da babbar mota a cikin tasha, amma ba mai ba shi ita ya kama hanyar Tamale. Sai a lokacin na gane abin da ya sa tun da na sayo ta hasken allon ya ƙi raguwa ya ƙi ƙaruwa. Duk wanda ya sayi kwamfuta ta hannu ya duba wannan wuri kafin ya bar shagon. Ta Windows Update muka samo direban Intel. Ya ci data ba kaɗan ba, sai da na jira ta dare mai rahusa. Da muka kashe muka kunna, sunan ya koma Intel HD Graphics.

Abu na ƙarshe shi ne muka danna speed.exe da ɓangaren dama na linzami, muka shiga Properties, sannan Compatibility, muka zaɓi Windows XP Service Pack 3, muka ba shi izinin mai gida, wato administrator. Sai ga ƙarar inji ta cika falo.

Murna ta koma ciki nan take, domin wasan ya nemi a rubuta sabon suna, kamar ba a taɓa buga shi ba. Yaro ya yi shiru, can ya ce, "Baba, shi ke nan wata takwas ɗin?" Ƙanena yana ji ta waya, ya ce a jona tsohon rumbun. Wannan wasa ba ya ajiye ci gaban mai bugawa a foldarsa. A cikin Documents yake buɗe wata folda mai suna NFS Most Wanted, a cikinta kuma wata mai sunan ɗan wasan. Tana nan a tsohon rumbun, wanda aka so gogewa kwana uku da suka wuce. Muka kwafo ta muka ajiye a Documents na sabuwar kwamfutar, sai ga sunansa, ga motocinsa a gareji, ga Ronnie, direba na uku, yana jira da Aston Martin ɗinsa.

Wani maƙwabcinmu mai sayar da goro yana da faifan wasan na asali, nasa kuma duk da waɗannan matakai ya ƙi tashi. Tasa matsalar daban ce. Faifan wancan lokacin da yawa suna da wani kwado na hana kwafi mai suna SafeDisc, Windows 10 kuma tun fitowarta a 2015 ba ta karɓarsa saboda dalilin tsaro. Ƙanena ya ba shi shawarar ya nemi tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows XP, irin waɗanda ake sayarwa da arha, ya bar wa yara ita ba tare da ya jona ta da intanet ba.

Namu wasan har yau akwai ɗan abin da ya rage. An gina shi ne don allon da, mai kusan murabba'i, sabuwar kuwa mai faɗi ce, sai hoton ya baje, tayoyin motoci suka koma kamar ƙwai. Yaron ya ce akwai gyaran da masoya wasan suka yi a intanet. Na ce masa ba a kwamfutar da littafin bashi yake ba, ya bari sai kawunsa ya zo hutun Sallah ya duba da idonsa. Ya kayar da Ronnie da tayoyin ƙwan a haka, yanzu mako na uku ke nan Bull, direba na biyu, yana ba shi kashi.