Kuloci a Cikin Yashi

Mu masu rubuta manhaja, koya wa na'ura yanke shawara ne abincinmu, don haka ba ma raina mota otomatik. A yashi ma ta fi: tana sauya giya ƙarfin inji bai yanke ba, alhali taka kuloci sau ɗaya kan sa tayoyi su nutse.

Amma ranar da za mu ɗauko Inna daga ƙauye zuwa asibiti da damina, Hilux mai giyar hannu muke nema. Batir ya yi sanyi, samari su tura, ta tashi. Otomatik ba ta tashi da turi. Inda babu sabis balle bakanike, abin da hannu zai iya tayarwa muke amince wa.